Yadda Na Zama Likitan Teku

Ƙarfen kwantena ne ya yanke ni a dunduniya muna aiki a Ras Al Khor, bakin teku a ƙasar Larabawa. Abokin ɗakina Alhaji Sani ya ce mu je asibiti.

Na ce, "Haba Alhaji! Kakata da ruwan gishiri take gasa ciwo. Nan kuwa ga teku guda, kyauta!"

Na tsunduma ƙafa cikin ruwan nan mai ɗumi, ina ta yi masa lacca.

Washegari ƙafa ta kumbura suntum, ga zazzaɓi, dole aka kwashe ni zuwa asibiti. Likita ya ce ƙwayoyin cutar ruwan ɗumi ne suka shiga ciwon, saura ƙiris a yanke ƙafar.

Alhamdulillahi, na warke sarai. Amma har yau ko tari wani ya yi, sai Alhaji ya ce, "Likitan Teku, yalla, mu tsoma shi?"