Yadda Na Rina Auren Rifkatu Ja

Ba zan taɓa mantawa da auren Rifkatu ba, na kuma tabbata iyayenta ma ba za su manta da ni ba.

Ni malamin kimiyya ne a Keffi, mai jarabar ɗaukar hoton sama. Akwai wasu gizagizai can tsakanin taurari da ido ba ya gani, su nake bi. Tunda gari ya cika da ma'aikatan Abuja, kowane gida da fitilar sola, sama ta dushe. Sai na sayi wani ɗan gilashi da ake maƙalawa cikin kyamara. Yana tare kowane haske, jan da gizagizan ke fitarwa kaɗai yake bari ya wuce. (Na yi wa matata bayaninsa har ta roƙe ni in ƙyale ta.)

Da maƙwabcinmu Baba Bulus zai aurar da 'yarsa tilo, Rifkatu, ya kira mai hoto daga Sabon Gari. Bakina bai bar ni ba.

"Haba Baba! Ni da nake ɗauko abin da ke bayan wata, amarya ce za ta gagare ni?"

Ya kuwa sallami mai hoton.

A coci na ga allon kyamara ya yi ja wur. Ashe gilashin nan na ciki! Cire shi aikin minti ɗaya ne, amma in kwance kyamara a gaban jama'a bayan duk cika bakin nan? Na ce a raina kwamfuta za ta gyara, na ci gaba da "Ku matso! Ku yi murmushi!"

Ina! Launin da bai shiga ba, daga ina kwamfuta za ta samo shi?

Washegari dangi suka cika falo, aka jona hotuna a talabijin. Farar rigar amarya ja, fasto ja, ango ja, kamar an tsoma su a manja. Maman Rifkatu ta matsa kusa, ta ƙura ido.

"Malam, wace ce wannan?"

"Ke ce, Mama."

Baba Bulus bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi kawai, "Abin da za ta nuna wa 'ya'yanta ke nan?" Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Mako biyu na yi ina bin gidajen 'yan biki, ina roƙon abin da suka ɗauka a waya. Yanzu duk wanda ya ce in zo in yi masa hoto, sai in ba shi haƙuri: abin da ba shi da dangi kawai nake ɗauka.