Littafin Baba Jatau

A garinmu akwai Nomau, ɗan Baba Jatau tsohon direban babbar mota. Su biyu ne a gida. Nomau yana da rubutu mai kyau, amma duk abin da aka ce masa, haka zai yi, ba ragi ba ƙari. Da ciwo ya kwantar da Baba, sai ya riƙa ba shi labarin shekara arba'in a kan hanya, Nomau yana rubutawa. Burin tsohon ɗaya ne, ya ga an buga shi kafin ya mutu. Ni na ce a tura Nomau taron marubuta a Gusau. Ni dai aji biyu na yi, amma kaf lardin nan ba a buga takarda sai an ji ta bakina. Har yau ina cizon yatsa.

Wata rana a taron, wani malami ya ce, “Kada ku rubuta abin da ba ku gani da idonku ba.” Nomau ya lissafa, ya ga ba a haife shi ba lokacin da Baba ke zuwa Legas. Ya yage rabin littafin, ya ba mai ƙosai ta yi ƙunshi.

Wata rana kuma wata malama ta ce, “Ku ba wanda ba ya ƙaunarku ya karanta, shi zai faɗa muku gaskiya.” Nomau ya duba, ba shi da maƙiyi. Ya je ya take ƙafar mai gadi.

“Malam, yanzu kana ƙaunata?”

“Kai, lafiyarka?”

“To karanta.”

Mai gadi ya wurga takardun a kwata. Kaɗan aka tsamo.

Wata rana, ana gobe masu buga littafi za su karɓi rubuce-rubuce, shugaban taro ya ce, “Kafin ku miƙa, ku fara karanta wa mai labarin.” Nomau ya miƙe tsakiyar jawabi, sai tasha. Aka bi shi ana cewa ya bari sai jibi, ko waiwaye bai yi ba.

Ya iske maƙwabta sun kewaye Baba, jiki ya yi nauyi. Ya zauna ya fara karatu. Baba ya buɗe ido.

“Ɗan nema, ina gadar Jabba? Ina ranar da birki ya tsinke?”

“Suna wajen mai ƙosai, Baba.”

Tsoho ya ce a tashe shi zaune. Ya ɗauko labarin daga farko da bakinsa, har da kwaikwayon kukan inji, mutane na dariya suna share hawaye. Bai tsaya ba sai la'asar. Washegari, daidai lokacin da ake karɓar littattafai a Gusau, muna maƙabarta.

Ba a buga littafin ba. Nomau har yanzu yana cewa shi ya ɓata komai. Ni kuwa, da ni ne, da na tsaya sai jibi.