Kututturen Ƙofar Maƙera

A Tungar Maƙera akwai gidan Malam Nomau, tsohon da ya ƙera rabin fartanyun garinmu. 'Ya'yansa uku. Ladidi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarsu. Hashimu yana kanikanci a Fatakwal, shekara bakwai bai taka gida ba, tun ranar da uban ya ce wanda ya guji ƙira ubansa ya guda. Sai Cindo mai yatsa shida, ƙato da gemunsa, wanda in ka ce ya tsaya nan sai ka dawo, to don Allah ka dawo.

Wata rana Hashimu ya aiko da waya mai hoto. Girman kai ya hana shi kiran uban, kewa kuma ta hana shi sakat. Ya ce Cindo ya riƙa ɗaukar Baba hoto kullum bayan La'asar, a kan kututturen ƙofar maƙera, kada ya sauya wuri, don jikoki su san kakansu. Kullum sai Cindo ya ɗauka, ya hau surin bayan gari inda ake samun sabis, ya tura. Babu hoton da yatsan nan na shida bai leƙo ba.

Wata rana aka tsuge da ruwa tun Azahar. La'asar na yi Cindo ya sunkuci tsohon daga ɗaki, ya dasa shi kan kututture, ya ja baya yana gyara tsayuwa. Tsoho na zagi, ruwa na zuba daga gemunsa. Mun yi dariya, Allah Ya yafe mana, don daga ranar tarin da ya daɗe yana ɓoyewa ya fito fili.

Wata rana Hashimu ya nemi bidiyo. Ya ce a tambayi Baba abin da yake so, kuma kada a kashe sai ya gama magana. Cindo ya tambaya. Tsohon ya dubi wayar, ya ce, "Ni dai..." sai ya yi shiru. Cindo ya ci gaba da ɗauka har aka kira Magariba, har cajin ya ƙare. Ladidi ta ce masa ai maganar ta wuce. Ya ce a'a, Baba bai gama ba.

Ciwo ya ci ƙarfin tsohon, ya kwanta. Ya rantsar da Ladidi kada Hashimu ya ji, wai shi ba zai roƙi ɗansa da jinya ba. Ta riƙa cewa a waya Baba lafiya lau, ta kashe ta koma madafa ta yi kuka. Ta kuma ja kunnen Cindo kada ya kuskura ya ɗauki Baba a kwance, kada kuma ya sake taɓa shi.

Wata rana, da washegari, da washegarinta, Cindo ya fito bayan La'asar ya ɗauki kututture babu kowa a kai, ya hau suri ya tura. Yaya ya ce kullum, Yaya Ladidi ta ce ban da kwance, shi kuwa bai saɓa wa kowa ba. A hoto na huɗu akwai kaza a kai. A na shida ƙura ta rufe wurin da zama ya goge. Da Ladidi ta gane, ta rufe shi da faɗa, ta ce ya tona asirin da aka ba ta amana.

Gani ya kori ji. Rana ta takwas da hantsi Hashimu ya sauka daga mota, ko jaka bai riƙo ba. Ya durƙusa gaban gadon. Cindo ya tuna akwai maganar da ba a ƙarasa ba, amma an hana shi ɗaukar Baba a kwance, don haka ya kunna wayar ya saita ta ga bango.

Tsohon ya lalubo hannun Hashimu, ya shafa kantar da ke tafinsa, ya ce, "Ni dai so nake ka dawo."

Muka jira ko zai ƙara. Ladidi ce ta fara salati. Cindo ya daɗe yana saurare, sannan ya tambaya a hankali, "Yaya, ya gama? In kashe?"

Hashimu ya ce, "Kashe, Cindo. Ya gama."