Babur ɗin Tene da Salansar Dirabo

"…da gajiyar hanya, bawana? Ko hayaƙin babur ɗina bai gama fita daga hancinka ba?"

Tene Nikiyema ce ke wannan gaisuwa, tun ba ta kashe injin ba. Safiyar Lahadi ce, muna zaune a gindin darbejiyar da ke gaban garejin Lasina Dirabo a unguwar Gungen, nan Wagadugu, inda mu masu son tsofaffin babura masu feda ke haɗuwa duk mako. Tene 'yar Mosi ce, ungozoma da ta ajiye aiki, ta haura sittin. Dirabo ɗan Samo ne, shi ne bakaniken ƙungiyarmu, kuma ƙabilun Mosi da Samo abokan wasa ne, ba sa gaisawa sai da zagi, kowa na kiran ɗayan bawansa.

Makon da ya wuce, a hanyar Kudugu, babur ɗin Tene ya wuce na Dirabo a kan hawa, alhali tana ɗauke da kwandon ƙwan zabi a baya. Nasa kuwa shi ne wanda ya sha gyara: ƙatuwar salansa, kafireto mai faɗin baki, ƙara kamar injin niƙa. Wanda ya riga kowa isa Kudugu shi ke jan tawagarmu zuwa birnin Bobo a wata mai zuwa, kuma shekara shida Dirabo ne ke ja.

Ya fito daga gareji yana goge hannu da tsumma. "Wa ya ba baiwa izinin yin magana kafin ubangidanta? Sauko ki durƙusa."

"In durƙusa wa wanda na bari a baya yana tuƙa feda kamar mai gudun kare?"

"Tsayawa na yi in duba taya."

"Taya biyu gare ka, amma na isa Kudugu na sha ruwan gero, na sayar da ƙwaina, na yi wa wata mai ciki nasiha, sannan na jiyo ƙararka daga nesa. Ƙarar ta riga ka isowa da rabin awa."

Muka kwashe da dariya. Dirabo bai kula mu ba. Ya zagaya babur ɗin Tene sau biyu, ya tsuguna, ya shinshina bakin salansar.

"Me kika zuba masa?"

"Mai."

"Wane irin mai?"

"Irin wanda ake sayarwa a gidan mai. Ko ku Samo a garinku Toma giyar dawa kuke zuba wa naku?"

"Mu a Toma kokawa muke yi, mu ka da mutum a gaban jama'a. Ba mu san cuta a ɓoye ba irin ta masu cin ganye. Tene, injin nan ni na san shi. Tun mijinki na raye nake taɓa shi. Ba shi da ƙarfin da zai hau wannan tudun da ke da ƙwanki da wannan jikin naki."

"Jikin nawa ya tsare maka hanya ne?"

"Ya tsare mini rana."

Ya miƙe ya juya wurin tsoho Rasmane, shugaban ƙungiyarmu, wanda ke zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa. "Shugaba, ina ƙara. Dokarmu ta yarda a sauya salansa, a sauya kafireto, amma ta hana a faɗaɗa ramin fistin. Matar nan ta kai injinta an rarake shi. In ba haka ba, to aljani take goyo."

Wannan zargi ba wasa ba ne, domin wanda aka kama da wannan laifi ba ya bin mu Bobo, balle ya ja tawaga. Ni kaina na ƙosa in sani. Ina bayanta ranar, na ga yadda babur ɗin ya haye tudun ba tare da ya ɗaga murya ba.

Tene ta cire hular kwanonta ta rataye a madubi. "Kai ka ce aljani, ai gara shi da ɗan Samo. Shi aƙalla ba ya ƙara a banza."

"Ƙara ita ce ƙarfi! Injin da ba ya ruri ba ya numfashi. Ka buɗe masa baki ya sha mai da yawa, ka buɗe masa baya ya fitar, shi ke nan gudu."

"Shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa. Wadda ta fi kowa ihu ba ita ke riga haihuwa ba. Wadda ta iya jan numfashi ita ke sauka da wuri."

"Babur ba mai naƙuda ba ne."

"Naka ne ba mai naƙuda ba? Ka ji shi a kan tudun nan kuwa? Saura kaɗan in juyo da safar hannu."

Rasmane ya tofar da ɓawon gyaɗa don dariya. Da ya nutsu ya ce, "Tene, magana ta zo gabana. Kin yarda a buɗe?"

"A buɗe. Amma in aka tarar ban taɓa ramin ba, bawan nan zai tsaya a bakin titi ya faɗa sau uku cewa Mosi ce uwargijiyarsa."

"In kuma aka tarar kin taɓa," in ji Dirabo, "za ki share mini gareji wata guda, kina kirana Sarki."

"Sarkin me? Ku da ba ku taɓa naɗa ko mai unguwa ba sai da kuka leƙo wurinmu kuka ga yadda ake yi?"

Ya ɗauko sifanoninsa ya shimfiɗa buhu a ƙasa. Duk muka taso muka kewaye shi, har mai sayar da wake da shinkafa ta bar tukunyarta ta zo kallo. Ya kwance kan injin, ya zaro tukunyar fistin, ya sa ma'auni a ramin. Ya duba. Ya goge ma'aunin a rigarsa ya sake sawa.

"Yaya?" in ji Rasmane.

"Ma'aunin nan ya tsufa."

Na miƙa masa nawa. Ya gwada. Ramin na nan yadda aka ƙera shi, fistin ɗin ma tsohon ne, har da alamar da Dirabo ya yi masa da kansa shekarun baya.

Sai ya ɗaga tukunyar sama ya leƙa ta da hasken rana, muka ga fuskarsa ta sauya. Ya zura ɗan yatsa a ƙofar da mai ke shiga, ya zura a wadda hayaƙi ke fita. Ya miƙo mini. Na taɓa, na ji santsi kamar cikin cokalin azurfa. Duk kaushin ƙarfen da dattin shekaru an goge su tas, ba a ƙara faɗi ba ko da ƙwayar gero.

"Wa ya yi miki wannan?" Muryarsa ta sauka, ba zolaya a ciki. "Ba mai irin wannan hannun a Wagadugu. A Bobo kika kai? Ko Kumasi?"

"A tsakar gidana."

"Wa?"

"Ni. Damina guda cur, kullum bayan la'asar, da ɗan zarto da takarda mai yashi. Jikokina sun ɗauka na zautu."

"Ƙarya ne. 'Yar Mosi ba ta iya goge ko tukunyar miya ba. Wa ya nuna miki?"

"Wani ɗan Samo."

Dirabo ya zabura. "Wane ne shi? Wane ɗan Samo ne zai ci amanata a garin nan?"

"Wani siriri ne, lokacin ba shi da tumbi, ba shi da gareji, sai akwatin sifana a gindin bishiya. Ranar da matarsa ke naƙudar 'yarsu ta fari, na kore shi daga ɗakin haihuwa don ya dame mu. Da na leƙo tsakar rana sai na same shi a barandar asibiti ya kwance injin babur ɗina, wai hannunsa ba zai iya zama haka nan ba. Yana gogewa yana ce mini, 'Ungozoma, injin ba faɗin baki yake so ba, hanya mai santsi yake so.' Ni na riƙe. Shi kuma ya girma ya gano salansa."

Dirabo ya tsaya da tukunyar a hannu, baki buɗe. "Ni na faɗi haka?"

"Kai. Lokacin kana da hankali."

"Ranar da aka haifi Awa…" Ya sake leƙa ramin, ya shafa shi a hankali. "Wallahi na manta na taɓa sanin wannan."

Aka fara gardama a bayansa. Wasu na cewa gogewa ma gyara ce, ya kamata doka ta hana, wasu na cewa wanke abu ba sauya shi ba ne. Rasmane ya ɗaga hannu. "Doka ta ce kar a faɗaɗa. Ba ta ce kar a yi haƙuri ba. Tene ce za ta ja mu Bobo."

"To ai ni na ci," in ji Dirabo, ya dawo da muryarsa ta dā. "Ilimin Samo ne ya hau tudun nan. Ita dai nauyi kawai ta ƙara."

"Ilimin da mai shi ya yar a barandar asibiti, na tsinta. Bakin titi, bawana. Sau uku."

"Bari in mayar miki da injin tukuna."

"Injin zai jira."

Ya tafi bakin titi yana jan ƙafa, mu muna biye. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya jira wata babbar mota ta zo wucewa, sannan ya faɗa da sauri cikin ƙararta.

"Ban ji ba," in ji Tene. "Mutumin da babur ɗinsa ke tashin unguwa uku, yau shi ne ba shi da murya?"

Ya cika ƙirji ya kwarara, "Mosi ce uwargijiyata!" har wani mai keke ya waigo ya amsa masa da "Mun daɗe da sani!" Na biyu da na uku dariya ce ta ci ƙarfinsa, sai da ya dafa sandar fitila.

Tene ta buɗe jakarta ta fito da ɗan zarton, wanda ya cinye har ya kusa zama tsinke, ta danƙa masa a tafin hannu. "Riƙe. Wata guda ya rage. In ka fara yau, wataƙila ka iso Bobo kafin mu juyo."

Dirabo ya juya zarton yana dubawa, yana share hawayen dariya da bayan hannu. Sannan ya ɗaga kai ya dube ni. "Kai, miƙo mini sifana mai lamba goma. Mu fara sauke salansar nan tawa."