Bargon Gadon Inna

Sati uku da rasuwar surukata Inna, aka kawo akwatin kayanta gidanmu a Dilimi, wai in wanke in goge in adana. Ranar Asabar ce, ranar wankina. Ni kuwa ina ji da kaina wajen ɗinka bargo da ƙyallaye. A ganina duk unguwar ba wadda ta kama ƙafata.

Ina shanya atamfofinta sai dabara ta faɗo mini: me zai sanyaya zuciyar maigidana kamar ya lulluɓa da zannuwan mahaifiyarsa a sanyin Jos? Ban shawarci kowa ba, na ɗauko almakashi.

Bayan sadakar arba'in malam ya zo rabon gado. Yayar mijina ta ce, "Amarya, fito da zannuwan Inna."

Na fito da bargo, har da murmushina.

Yaya ta shafa wani jan ƙyalle ta ce, "Wannan ta ɗaura ranar aurena." Sai ta fashe da kuka. Malam ya ce tun da yake bai taɓa raba wa magada bakwai bargo ɗaya ba. Maigida ko kallona bai yi ba.

Bara kawun maigidana ya kwanta rashin lafiya, muka je dubiya. Yana hango ni ya damƙe hannun ɗansa, da ƙyar muryarsa ke fita: "In na cika, kafin ku kira liman, ku fara ɓoye mata almakashi."