Hannun da Ya So Zuwa Landan

Ba zan taɓa mantawa da kofin kunun ayar nan ba, ko da zan manta sunayen jikokina (da ma na fara cakuɗa su). A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin man fetur ya fara yi wa mutane yawa. Ina aiki a shagon wani Alhaji a Kantin Kwari. Mu biyu ne masu auna yadi da yankawa, ni da Bukar, ɗan gidan Barebarin da ke bayan layinmu a Fagge. Tare muka taso, amma na riga shi shiga shagon, kuma ban taɓa barin sa ya manta da hakan ba.

Sai hannun Bukar na dama ya fara rawa. Da fari kaɗan-kaɗan, daga baya in ya ɗauki almakashi sai ya yanka shadda kamar sawun maciji. An sha rubutu, an yi turare, an je asibiti, shiru. Ya daina sa hannu a kwano ɗaya da mu, don miya tana zubar masa a riga. Wallahi na tausaya masa. (Amma kuma na ji daɗin yadda hajiyoyi masu sayen leshi suka koma cewa, "A kira mana wancan, mai hannun." Ni ne wancan ɗin.)

Wata rana Alhaji ya ce ya ji labarin likitocin Landan suna yi wa irin wannan ciwo aiki a ka, kuma shi zai ɗauki nauyi. Bukar ya hau jirgi. Da ya dawo, hannu ya tsaya cak, ga kwat, ga agogo, ga rediyo mai cin kaset. Duk layinmu aka koma kiran sa Na-Landan. In ya fara labarin jirgin ƙasan da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, har masu dako sai sun sauke kaya sun saurara. Hajiyoyin ma suka koma wurinsa.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a wuya. Ni da na riga shi zuwa, ni da ban taɓa karkatar da yadi ba, iyakar tafiyata Kaduna, ita ma a bayan motar kaya. Wato lafiyata ce laifina ke nan? Na yi ta tambayar Bukar nawa ya sayi kwat, ban taɓa tambayar sa me aka yi masa ba. Matata Asabe ta gaji da mitata ta ce, "Malam, hassada ga mai rabo taki ce fa." Na ce mata ni ba hassada nake ba, adalci nake nema.

A nan Shaiɗan ya ba ni shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu: ni ma hannuna zai fara rawa. Don kada in yi abin kunya a gaban idon sani, sai na tafi Sabon Gari gwaji, wurin wata Bayarabiya mai sayar da shinkafa da miya. Na riƙe cokali ina kaɗa shi har yana bugun kwano. Baiwar Allah ta dube ni ta ce, "Sannu maigida, Allah ya sawwaƙe," ta ƙara mini nama. Na fito ina jin ƙamshin Landan.

A shago na ci gaba, amma sai Alhaji yana nan. Matsalar ita ce in an shimfiɗa leshi mai tsada, zuciyata ba ta iya ɓata shi, sai in yanka shi sambal, in ajiye almakashi, sannan rawar ta dawo. Alhaji yana gani bai ce uffan ba. Na ɗauka tausayi ne ya hana shi magana.

Ranar ɗaurin auren babban ɗansa na ce yau za a yi ta ta ƙare. Bayan an shafa fatiha, muka cika zauren gidansa, 'yan kasuwa da malamai da dattawan unguwa. Aka zo da kunun aya. Ina karɓar nawa na shiga kaɗa hannu, rabin kofin ya ƙare a babbar rigata.

Alhaji ya ce, "Af! Kai ma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙaddara ce, Alhaji. Na so in ɓoye."

"To ai ba a bar ka haka ba. A cika masa kofinsa. Bukar, faɗa wa ɗan'uwanka abin da za a yi masa, don ya shirya."

Aka cika kofin har baki. Bukar ya cire hula, abin da bai taɓa yi a gabanmu ba tun dawowarsa. Ga tabo nan a gefen hagu na kansa, wai don hagun kai ke riƙe da daman jiki. Ya ce, "Za su aske ka ƙwal. Su kafa maka wani ƙarfe a ka, su ɗaure shi da kusoshi har ƙashi, don kada ka motsa. Sannan su huda ƙoƙon kan."

Na ce, "Kana barci dai ko?"

"Ina fa! Idonka biyu. Sun kashe wurin da allura, ba zafi, amma ƙarar har cikin haƙoranka. Sai su zura siririyar waya cikin ƙwaƙwalwa, su saki lantarki kaɗan, likita ya ce ɗaga hannunka. In hannun ya tsaya, to sun dace da wurin, sai su ƙona shi ɗan mitsitsi. In sun kuskure kuwa, harshe na iya yin nauyi."

Labarin ya tafi da hankalina gaba ɗaya. Muryar Alhaji ce ta dawo da ni: "Jama'a, ku dubi kofin nan." Aka duba. Ni ma na duba. Yana hannuna na dama, cike taf, ko ɗigo bai zuba ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji. "Bukar, ashe labarinka ma magani ne. Ka hutar da ni kuɗin jirgi."

Zaure ya kece da dariya, har wani tsohon malami sai da aka bubbuga masa baya. Don ruɗewa sai na sake kaɗa hannun, wai ko zan gyara, dariyar ta ninku. Bukar kaɗai ne bai yi ba. Da muka fito neman takalma ya ce mini a hankali, "Ni na yi shekaru ina ɓoye nawa a aljihu, kai kuma ka kawo naka gidan biki." Wannan ta fi dariyar ciwo.

Yanzu na tsufa, kuma bara waccan hannuna ya fara rawa, ta gaske. Ranar da na nuna wa Asabe, kallo ɗaya ta yi ta ce, "Malam, Alhaji fa ya daɗe da rasuwa. Wa kake yi wa?" Sai da ta ga ina cin tuwo a ɗaki ni kaɗai, na kulle ƙofa, sannan ta yarda.

Likita ya ce in magani ya gaza akwai aiki, kuma an ci gaba. Yanzu wayar ake bari a cikin ƙwaƙwalwa, a sa ɗan batir a ƙarƙashin fata a ƙirji, ya riƙa aika lantarkin da ke kwantar da rawar. Ɗana ya ce zai kai ni Indiya. Ga jirgin da na yi ƙarya dominsa ya zo har ƙofar gida. Na tambayi likitan, "Ana barci dai ko?" Ya ce, "Galibi idonka biyu, Baba."

Na mayar da hannuna aljihu. Ni dai abin da na koya shi ne, kafin ka yi ƙyashin kwat ɗin mutum, ka roƙe shi ya cire hula tukuna.