Azarar Macen Giginya

Shekarar da zan yi aure na rantse da hannuna zan rufa sorona. Allo dai ya gagare ni, fatauci ma tun a Maska na gudo na bar ayari, amma gini? Ai laka ce da itace.

Kawuna magini ya ce, "Ɗan nan, azara sai namijin giginya. Je ka fadama ka saro." Na ga nisa. Ga macen giginya nan bayan gidanmu, gatari na shigarta kamar gwanda. Na faskare ta, na jera, na yaɓe, ina yi wa tsofaffi dariyar wahalar banza.

Da kakan Hadiza, yarinyar da nake nema, ya shiga duba ɗakin, sai na haye sama. Na buga ƙafa na ce, "Tsoho, ko giwa ta hau!"

Ban rufe baki ba sai ga ni zaune gabansa, ƙasa har cikin kunne.

Ya kakkaɓe rawaninsa ya ce, "Sannu da sauka, Giwa."

An dai ba ni Hadiza, bayan Kawu ya sake rufin. Ita da kunya ta hana ta faɗin sunana, ta samu abin kira. Har yau in na yi sallama a zauren mutane, kafin a amsa sai kowa ya ɗaga kai ya dubi azara.